Hausar Gareji: Darasi daga Motar da aka Haɗa da Tsofaffin Ƙarafa a Gombe

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tsarin sauti ya sha jin misalan kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi, kuma kusan kullum misalan ba sa wuce tebur da benci da fensir da asibiti. Malam ya rubuta a allo, mu kwafe, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Wannan maƙala za ta ɗauki mai karatu zuwa wurin da irin waɗannan kalmomi suka fi yawa fiye da kowane aji, wato garejin kanikawa. Na zaɓi aiki guda ɗaya domin in bi shi daki-daki: yadda wani matashin bakanike a garin Gombe ya haɗa motarsa ta farko daga sassan matattun motoci. Manufata ita ce in nuna cewa Hausar gareji, wadda wasu ke yi wa kallon gurɓatacciyar Hausa ko Turancin da bai nuna ba, tana da ƙa'ida tsaf. Sunayen ƙarafa ne kawai baƙi, su ma sai da suka bi dokar gidan da suka sauka. Aikin da ake yi da ƙarafan kuwa, da yadda ake bayyana lafiyar mota da ciwonta, kusan duk da kalmomin gida ake yi.

Na tattara bayanan ne a garejin kawuna lokacin dogon hutu, ta hanyar zama da sauraro, da kuma tambaya idan aiki ya lafa.

Al'adar haɗa mota, can da nan

A Amurka akwai wata tsohuwar al'adar matasa da suke kira hot rod. Ta kafu ne a kudancin jihar Kalifoniya a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, sabuwar mota ta gagari talaka, tsofaffin motocin kamfanin Ford irin su Model T da Model A kuwa suka yi araha. Saurayi ya sayi akwala, ya cire rufi da marufan tayoyi da duk abin da ke ƙara mata nauyi, ya ɗora mata inji mai ƙarfi, musamman mai silinda 8 da Ford ya fitar a 1932, sannan ya nufi busassun tafkunan hamada ya gwada gudu da abokansa. Abin ya bunƙasa har aka fara buga mujalla mai wannan suna a 1948, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar ƙasa domin a ɗauke tseren daga titunan gari zuwa filayen da aka tanada.

A nan gida ma ana haɗa mota, sai dai buƙatar ta sha bamban. Ɗan Kalifoniya gudu yake nema. Bakaniken Gombe ƙarko yake nema, motar da za ta ɗauki buhunan masara daga ƙauye zuwa Tudun Hatsi ta dawo lafiya. A shekarun 1970 gwamnatin Nijeriya ta haɗa hannu da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci, ciki har da ta Peugeot a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, da ta Steyr a Bauci, lokacin Gombe tana ƙarƙashin jihar Bauci kafin ta samu tata jihar a 1996. Daga Kaduna ne 504 ta cika ƙasa, har ta zama motar gwamnati da ta haya da ta ɗan kasuwa baki ɗaya. Da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai hankali ya koma kan raya tsohuwa. Garin Gombe kuwa dama garin sufuri ne. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, ga hanyoyin Bauci da Yola da Biu da Fataskum da Dukku duk sun haɗu a cikinsa, ga auduga da hatsi da simintin Ashaka da ke neman abin ɗauka. Inda motoci suka yi yawa, matattunsu ma sukan yi yawa, daga cikinsu ne kuma masu basira ke tsinto abin aiki. Mai karatu zai iya tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya yi suna a 2007 saboda ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun wata tsohuwar Toyota. Nasa ya shiga jaridun duniya. Na kanikawa ba ya shiga jarida, sai dai ya shiga tasha ya ɗauki lodi.

Sayen gawa

Wanda ya haɗa motar da nake magana a kai shi ne babban yaron garejin, wanda ya kusa samun 'yanci daga hannun ubangidansa. Ya fara ne da sayen wata 504 mai buɗaɗɗen baya da ta shekara da shekaru a yashe, ba inji, ba tayoyi, kaji har sun mayar da ita akurki. Ranar da aka jawo ta, kawuna ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Kai yaro, wannan ai gawa ce, me za ka yi da ita?" Shi kuma ya ce, "Oga, ƙashinta lafiya lau yake, tsatsa ba ta ci shi ba." Da ƙashi yana nufin dogayen ƙarafan ƙasa da bodi ke zaune a kansu. A wannan 'yar musayar kaɗai akwai darasi: gawa da ƙashi da ci, duk daga jikin mai rai aka ɗauko su, za mu kuma sake cin karo da irinsu a gaba.

Irin wannan mota sunanta a-kori-kura. Harɗaɗɗen suna ne mai tsarin wakilin suna na boye da aikatau da suna, ɗan gida ɗaya da a-ci-balbal da a-daidaita-sahu. Bayanin da aka fi yi shi ne, kurar da ake nufi ita ce amalanken da ake turawa da hannu, wadda zuwan ƙaramar motar kaya ya rage wa kasuwa.

Wajen neman sauran kaya sai kalmomin kasuwa suka shigo, kuma a nan ne na lura cewa ba Ingilishi kaɗai Hausa ke bin bashi ba. Gwanjo da tokumbo daga Yarbanci suke, ta biyun ma asalinta sunan yanka ne da Yarbawa ke sa wa ɗan da aka haifa a ƙetaren teku. Haka kiya-kiya, ƙaramar bas, daga kalmar Yarbanci mai nufin maza-maza. Akwai kuma sunayen wurare da suka koma sunayen inganci. Idan mai shago ya ce maka kaya ɗan Beljiyam ne, yana nufin an yi amfani da shi a Turai amma bai taɓa aiki a nan ba, ko da kuwa daga Jamus aka ɗauko shi. Mota 'yar Kwatano ita ce wadda ta biyo ta tashar ruwan Jamhuriyar Benin. Abin da ba a samu a Gombe ba akan aika Kano, Ƙofar Ruwa, ko Fanteka ta Kaduna. Fanka, wadda ke hura wa inji iska, ta fi duk sauran nisan tafiya, domin daga Indiya Turawan mulkin mallaka suka ɗauko kalmar kafin ta iso bakin Bahaushe.

Kwance inji, da abin da kunne ke ji

An samo inji daga wata 504 ta shiga da aka daka ta baya, gabanta bai taɓu ba. Inji ne mai silinda 4, kusan lita 2. Kanikawa suna son sa saboda bututun da fistin ke kai-komo a ciki ana iya zare shi a sa sabo, ba sai an jefar da gangar injin gaba ɗaya ba. Aka shimfiɗa kwali a ƙasa, aka kwance shi ƙarfe-ƙarfe, aka wanke da fetur, aka jera. Ni kuma na zauna da littafina ina rubuta abin da ake kiran kowanne.

Gaɓar Hausa iri uku ce, kamar yadda muka sani: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su jeru a farkon kalma ba, alhali Ingilishi cike yake da irin wannan cunkoso. Maganin da Hausa ke yi shi ne saƙala wasali a tsakani. Shi ya ba mu birki da giris da sifana da sifirin da sitiyari da tirela. Idan kuwa akwai baƙin leɓe ko wasalin da ake kewaye leɓe wajen furta shi a kusa, wasalin da ake saƙalawa yakan zama u, kamar a fulogi da kuloci da sukudireba. Birki ma a bakin wasu burki ne, saboda b ɗin da ke gaba. A ƙarshen kalma kuma hanya biyu ce: ko a ƙara wasali, kamar a noti da fenti da faci, ko a datse baƙin da ya yi yawa, kamar a giyabos da karanshaf.

Sai musayar baƙaƙe. Duk inda Ingilishi ke da p, Hausa ta sa f: fistin, fulogi, faci, fenti, farfela, har da sunan motar kanta, Fijo, wanda asalinsa Faransanci ne. Inda yake da v ta sa b: bawul, direba, ribas. L ta ƙarshen kalma takan koma r, shi ya sa totur da fetur suka bi sahun tebur da fensir ɗin da malam ya saba kawowa. Totur tana da ƙarin darasi, domin sautin da Bature ke furtawa da harshe tsakanin haƙora a farkonta ya koma t. Boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke sa abu ya juya sumul, kalmomi biyu ne aka dunƙule suka zama ɗaya. Lagireto ce ta fi ba ni sha'awa. R ta farko ta koma l, d ta koma g, har ta kai wanda ya iya Turanci sosai zai iya jin kalmar bai gane 'yar gidansu ba ce.

Akwai wani abu game da inji da sitiyari da ya kamata a tsaya a kansa. A Ingilishi dukansu da ɗan hanci suke ƙarewa. Da suka shigo, kunnen Bahaushe ya ji injin mota da sitiyarin mota, sai ya ɗauki n ɗin a matsayin mahaɗin nan da ke cikin gidan sarki da rakumin dawa. Tun da mahaɗi ne, ana iya cire shi, sai aka samu inji da sitiyari. Sifirin da wayarin kuwa sun riƙe tasu n ɗin, abin da ke nuna cewa ƙa'idar ba ta gama cin kowa ba.

Ba kowane suna aka aro ba. Baƙin mai ƙirar gida ce, haka man birki da man giya, rabi gida rabi waje. Guduma da madubi da dalma duk sun riga mota zuwa. A ƙetaren iyaka, a Maraɗi da Damagaram, inda Faransanci ne harshen makaranta, abin da muke kira fulogi su buji suke cewa, fetur isansi, babbar motar kaya kuma kamyo. Harshe ɗaya ne, mai ba da aron ne ya bambanta, amma dokokin gaɓa da suka yi aiki a Gombe su ne suka yi aiki a can.

Mayar da injin ya ɗauki kwanaki. An kai karanshaf an wasa shi, an sa sababbin ringi, an wasa bawul ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya zauna daram a mazauninsa. Wajen ɗaure kan inji kawuna bai bar yaron shi kaɗai ba, domin notunan daga tsakiya ake fara ɗaure su a yi waje, kaɗan-kaɗan, in ba haka ba kan ya karkace, ruwa ya haɗu da mai. Wayoyin fulogi ma da jerinsu, 1-3-4-2, wanda kowane yaron gareji ya haddace kamar karatun allo.

Bakanike, makanike, kanikanci

Mota ɗaya ba ta haɗuwa a hannun mutum ɗaya. Mai walda ya toshe inda tsatsa ta huda ƙasan bodi, ya kuma rage tsawon farfela domin giyabos ɗin da aka samo daga wata mota ta uku ya ɗara na asali tsawo. Mai bugun bodi ya fitar da lotsawa. Mai wayarin ya ja sababbin wayoyi, mai kujera ya ɗinka mazauni, mai faci ya haɗa tayoyi, mai fenti ya zo a ƙarshe. A cikin waɗannan mutane akwai Bafulatani da Batera da Bawaje da Batangale irina, mai sayar da kayan gyara kuma Inyamuri ne da aka haifa a Gombe. Babu wanda ya yi wa wani magana da wani harshe in ba Hausa ba, sai fa in za a yi gulmar mai mota. Duka sunayen sana'o'in nan da mai aka gina su, kamar dai mai nama da mai itace.

Sunan uban tafiyar ne ya fi kowanne daɗin nazari a fannin ƙirar kalma. Kalmar Ingilishi ta shigo a matsayin makanike. Da yake Hausa tana da ɗafa-goshin ma- a sunayen masu sana'a, irin su maƙeri da masaƙi da maɗinki, sai aka ɗauka ma- ɗin makanike ma shi ne, aka yi masa jam'i makanikai. Da aka cire shi sai saiwar kanik- ta rage, wadda babu ita a Ingilishi sam. A kan wannan saiwa aka ɗora ba- na Bakano da baduku aka samu bakanike, aka ɗora -awa aka samu kanikawa, aka ɗora -anci na dukanci da dillanci aka samu kanikanci. Har wanda ba ya gyaran mota, in ya cika dabara da ƙulle-ƙulle, akan ce ya iya kanikanci. Kalmar da ta haifi 'ya'ya huɗu a gidan aure, ina ganin lokacin kiran ta baƙuwa ya wuce.

Motan ko motar?

Batun jinsi ya shafe ni kai tsaye, domin ba da Hausa na buɗe baki ba, a titunan Gombe na tsince ta, a aji kuma na koyi daidaitacciyarta. A Hausar Gombe, kamar ta Bauci da Zariya, bambancin namiji da mace a mahaɗi ya yi rauni ƙwarai. Za ka ji motan Alhaji, tayan baya, giyan ta ƙi shiga. Tashar da ke hanyar Dukku ma Tashan Dukku kowa ke ce mata. Wannan karin harshe ne, yana da tsarinsa, amma ɗalibin da zai rubuta jarrabawa dole ya san na Kano.

Kayan mota suna sauƙaƙa wannan koyo fiye da yadda ake zato. Ingilishin da ya zo mana na Birtaniya ne, wanda ba ya furta r a ƙarshen kalma. Saboda haka galibin kalmomin da ke ƙarewa da irin wannan r suka shigo da wasalin a: mota, taya, giya, salansa, sifana, tirela, tifa, farfela. Da yake galibin sunayen Hausa masu ƙarewa da a mata ne, sai duka suka zama mata, ba tare da kowa ya zauna taro ba. Masu ƙarewa da wani wasali ko da baƙi suka zama maza: birki, kuloci, fulogi, inji, totur, batir. Direba da kwandasta sun tsira daga wannan doka ne saboda mutane ne, jinsin mai riƙe da sunan ake bi. Wanda ya riƙe wannan ya huta da haddar kalma ɗaya-ɗaya.

Jam'i ma haka. Masu ƙarewa da a sukan bi tsarin da ke maimaita baƙin ƙarshe: tayoyi, tireloli, direbobi. Motoci ta ƙara da ganɗantawa, t ta koma c a gaban i, daidai da yadda ta faru a hanta da hantoci ko sata da sace. Inji da noti kuwa suka bi gidan -una, injuna da notuna.

Ranar da ta tashi

Yanzu mu zo kan aikatau, inda na ce aron ya tsaya. A duk tsawon aikin nan, aikatau na aro da na ji ana maimaitawa ɗaya ne tak, canza ko canja. Sauran duk na gida ne: a kwance, a ɗaure, a sauke inji, a ɗora shi, a wasa, a zare, a toshe, a juye baƙin mai, a hura taya. Inda babu na gida sai a kawo yi a haɗa da sunan aro: yi walda, yi faci, yi fenti, yi caji. Tuƙi kansa ya girmi mota nesa ba kusa ba, domin da shi ake tuƙa jirgin ruwa, da shi ake tuƙa tuwo.

Tsarin ajujuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda ke wahalar da mu a aji, a gareji yana aiki ba tare da kowa ya san sunansa ba. A ɗauki haɗa. Yaro ya haɗa inji, ya haɗe wayoyi biyu, ya haɗo kayan aiki daga shago, a ƙarshe inji ya haɗu. Wannan na ƙarshen, aji na bakwai, yana nuna aiki ya yi yadda ake so, kuma shi ne dai samari ke amfani da shi su yabi riga ko waƙa ko budurwa. Haka ɗaura da ɗaure da ɗauru, haka tura da turo da ture. Bambancin ɗaura noti da ɗaure noti, a ƙafar mota, shi ne bambancin isa gida da kwana a asibiti.

Ranar gwaji batir ɗin aro ne, ba shi da ƙarfin juya sabon haɗi, sai aka koma ga turi. Yaron ya shiga, ya sa lamba biyu, ya taka kuloci, mu biyar muka tura, ya saki. Ga abin da na rubuta daga bakin mutanen wurin cikin 'yan mintoci: ta yi tari, ta ƙi, ta mutu, mai bai hau ba, a sake, ta kama, ba ta wuta, ta tashi. Ba kalmar aro ko ɗaya a ciki. Motar da aka kira gawa ita ce yanzu ke tari da gardama da tashi. Daga baya za a ce tana shan mai, tana cin taya, tana haki a kan tudu, ko ta kwanta. A ganina Bahaushe ya ɗauki mota ne ya ajiye ta a gurbin dabbar hawa, ya ci gaba da yi mata maganar da ya saba yi wa doki da jaki.

Da ta tashi yara suka yi sowa, amma kawuna ya hana a fita da ita titi. Ya ce, "Tashi ba shi ne mota ba, tsayawa ita ce mota." Sai da aka canza bututun man birki gaba ɗaya, aka fitar da iskar da ke ciki ƙafa bayan ƙafa, ɗaya yana taka birki ɗaya yana kwance noti a ƙasa. A nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Mafi munin abin da ke cikin sana'ar haɗa mota shi ne wanda zai kashe kuɗinsa a fenti ya bar tsohon birki da suɗaɗɗiyar taya, ko wanda zai yanka motoci biyu da suka yi hatsari ya liƙa gaban wannan da bayan waccan ya sayar wa wanda bai sani ba. Sannan akwai batun takardu. Lambar inji tana cikin takardun mota, don haka wanda ya ɗora wani injin dole ya adana rasiɗin sayensa ya kuma je a gyara takardun, in ba haka ba ranar da ya haɗu da 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, bakinsa ba zai fitar da shi ba.

Daga gareji zuwa cikin gari

Kalmomin ba su tsaya a gareji ba. Idan aka ce an taka wa wani birki, kowa ya san an dakatar da shi, kuma jaridu da gidajen rediyo suna amfani da ita a labarin siyasa ba tare da jin wani abu ba. Wanda notin kansa ya kwance ya samu taɓin hankali. Wanda ya yi alkawari ya janye ya yi ribas. Malalacin yaro sai an tura. Mai surutu ba kai ba gindi bakinsa ba birki. Harshe ba ya gina karin magana da adon magana a kan kalmar da yake ƙyama.

Shi ya sa ban gamsu da masu cewa a zauna a ƙirƙiro wa kowane ƙarfe sunan Hausa tsantsa ba. Ƙirƙira tana da amfani inda babu kalma, kamar yadda aka yi wa fannin nazarin harshe. Inda masu sana'a suka riga suka raɗa suna, suka yi shekara hamsin suna kira, aikin ɗalibin harshe shi ne ya je ya rubuta, da karin sauti da tsawon wasali da jinsi da jam'i. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, shekara 34 kafin a ƙera 504 ta farko a Faransa a 1968, don haka ba laifinsa ba ne in bai san abin da ke cikinta ba. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da na Paul Newman na 2007 na gama-gari ne, ba a yi su domin su bi sana'a ɗaya ƙarfe-ƙarfe ba.

Kuma lokaci yana ƙurewa. An daina harhaɗa 504 a Kaduna tun tsakiyar shekarun 2000. Motocin da ke shigowa yanzu ba su da kafireto, na'ura ce ke auna musu mai, kuma yaron da ya shiga gareji bana zai iya gama koyo bai taɓa wanke kafireto ba. Sababbin kalmomi suna shigowa, wasu ma suna kokawa da juna a gabanmu. Na'urar da ke sarrafa injin zamani, wasu birenbos suke ce mata, da i ɗin da aka saƙala da baƙin da aka datse daidai da giyabos, wasu kuma ƙwaƙwalwar mota, kuma har yanzu ba a san wadda za ta kayar da wata ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 gwamnati ta shiga ƙarfafa mayar da motoci masu amfani da iskar gas, sai wata matsalar ma'ana ta kunno kai. A bakin direba da bakanike, gas tun da daɗewa man manyan motoci yake nufi, wanda 'yan boko ke kira dizal. Yau idan mutum ya shigo gareji ya ce motarsa mai gas ce, sai an tambaye shi: na ruwa ko na tukunya?